Zare: eh, maganin aikin jijiyar haƙori yana kashe ƙwayoyin dasashi, amma kar ku yi saurin cire haƙori

1/ Kwana uku ke nan ana ta kai ruwa rana a gurup ɗin danginmu na WhatsApp kan aikin jijiyar haƙori, wanda a asibiti ake ce wa rut kanal. Na gaji da tura saƙon murya, sai na ce bari in rubuta shi a nan gaba ɗaya, mai buƙata ya ɗauka. Zaren da tsawo fa, ku yi haƙuri da ni. 🧵

2/ Ni ɗaliba ce, aji huɗu a sashen likitancin haƙori. Ban zama likita ba tukuna, don haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin zuwa asibiti ba. Amma maganar ta taɓa ni kai tsaye, don yayata ta rasa haƙori a kanta, kuma yanzu Mama na shirin bin sahu.

3/ Bara turmin Yaya na ƙasa ya kama ciwo, irin wanda ke hana barci. Maimakon asibiti, ƙawarta ta kai ta wani shago da ake "gyaran haƙori". Mutumin ya ɗan fafe haƙorin, ya cusa wani abu kamar man shafawa, ya liƙe da ciko, ya ce ta dawo bayan sati in jijiyar ta mutu. Bai ɗauki hoto ba, bai ma gaya mata sunan abin da ya sa ba.

4/ Ciwon ya lafa kam. Amma a kwana na biyar ta kira ni ta bidiyo ta ce, "Ke likita, duba min nan, me ya sa wurin ya yi toka-toka?" Dasashin da ke tsakanin turmin da na kusa da shi ya sauya launi, yana wari. Ashe cikon ya tsage, maganin ya tsiyayo kan nama.

5/ A asibitin koyarwa aka kankare mataccen naman. Bayan wasu makonni aka ciro ɗan guntun ƙashin da ya mutu, haƙorin ma bai tsira ba. Likitan ya ce alamun irin na tsofaffin magungunan kashe jijiya ne, masu asinik ko faraformaldihaid. Garin neman gira aka rasa ido.

6/ To shekaranjiya waccan sai Kawu ya turo hoton wani bincike na Turanci, mai cewa magungunan da ake sa wa cikin saiwar haƙori suna kashe ƙwayoyin halittar dasashin mutum. Ya rubuta a ƙasa: "Kun gani ko? Duk guba ce. Kowa ya cire haƙorinsa ya huta."

7/ Nan take Mama ta ce ta fasa komawa asibiti ranar Litinin. Alhali an riga an fara mata aikin a hannun ƙwararriyar likita, an zuba magani a ciki, an rufe da cikon wucin gadi. Wallahi hankalina ya tashi, don fasa komawar ya fi duk abin da take tsoro haɗari. Zan dawo kan wannan.

8/ Ra'ayina a taƙaice: Kawu bai yi ƙarya ba. Irin waɗannan bincike suna da yawa, kuma kusan duk maganin da ake zuba wa saiwar haƙori yana cutar da ƙwayoyin dasashi in ya taɓa su kai tsaye. Inda na saba da shi shi ne hukuncin da ya yanke. Abin da ke raba magani da ɓarna shi ne nawa aka zuba, ina ya tsaya, kuma hannun wa ya sa shi.

9/ Mu fara da aikin kansa. A tsakiyar kowane haƙori akwai wani ɗan ɓargo mai jijiya da hanyoyin jini, yana bin siririn rami har ƙarshen saiwa. In ruɓa ta ci ta kai can, bakteriya su shiga, ɓargon ya kumbura, daga baya ya mutu. Jini ba ya shiga mataccen rami, shi ya sa shan kafso kaɗai ba ya share cutar.

10/ Likita yana buɗe haƙorin bayan allurar kashe zafi, ya kwashe ruɓaɓɓen ɓargon da wasu siraran ƙarafa, ya wanke ramin da ruwan magani. Wani lokaci ya bar magani a ciki na sati ɗaya ko biyu. Sannan ya cike ramin da wani ƙaro mai suna gata-faca, ya rufe saman. Manufar duka ita ce kashe bakteriya a wurin da garkuwar jiki ba ta isa.

11/ To abin da zai kashe bakteriya masu taurin kai a cikin wannan rami, ta yaya zai zama ruwan sanyi ga naman mutum? Ai dole yana da kaifi. Wuƙar da ke yanka nama za ta yanka yatsa ma.

12/ Yanzu ga yadda ake irin binciken da Kawu ya turo. Ana samun ɗan guntun dasashi, sau da yawa daga wanda aka cire wa haƙorin hankali, tare da izininsa. A raino ƙwayoyin da ake kira faibirobilas, masu saƙa naman dasashi da ɗinke rauni. Ana ajiye su a inkubeta mai zafin jikin mutum, digiri 37.

13/ Sai a zuba su a wani farantin roba mai ƙananan ramuka 96, a ɗiga maganin da ƙarfi daban-daban, a jira awa 24, ko 48, ko 72. Daga nan a sa wani rini ruwan ɗorawa mai suna MTT, gwajin da Tim Mosmann ya fito da shi a 1983. Ƙwayoyi masu rai suna mayar da shi shunayya. Matattu ba sa iyawa.

14/ Na'ura ce ke auna duhun launin. Ƙa'idar duniya ta ISO 10993-5 ta ce in masu rai suka gaza kashi 70 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba a sa wa komai ba, to abin yana da illa ga ƙwayoyin halitta. Wannan ita ce "gubar" da kuke gani a kan takardar. Ma'auni ne na ɗakin gwaji.

15/ Ku lura da halin da ƙwayoyin nan suke ciki a faranti. Shimfiɗa ɗaya ce tal, tsirara, maganin na kwance a kansu dare da rana. A baki kuwa akwai fatar dasashi a samansu, ga yawu na wankewa, ga jini na kwashewa yana tsarma abin, ga sababbin ƙwayoyi na maye gurbin waɗanda suka mutu.

16/ Ga misalin da ya fi gamsar da ni. Kuloheksidin, ruwan kuskure baki da likitoci ke rubutawa bayan an cire haƙori, ƙarfinsa kashi 0.12 zuwa 0.2 cikin 100 ne. A faranti, ko da wannan ƙarfin yana kashe faibirobilas. Amma mutane na kuskure baki da shi kullum a faɗin duniya, dasashinsu na warkewa.

17/ Kar a ce na raina gwajin faranti, a'a. Da shi ake jera magunguna a ga wanne ya fi zafi, da shi ake gano ƙarfin da ya kamata a tsaya. Gargaɗi ne ga likita cewa ya tsare abin nan a cikin rami. Majinyaci ya karanta shi ya ce a cire masa haƙori, ya karanta wasiƙar da ba tasa ba.

18/ Bari mu ɗauki magungunan ɗaya bayan ɗaya. Na farko sodiyam haifokulorait. Eh, sinadarin da ke cikin ruwan wanke fararen kaya irin su Hypo da Jik. Na san wani zai zaro ido. Tun yaƙin duniya na ɗaya Henry Dakin ya haɗa mai ƙarfin kashi 0.5 don wanke raunukan sojoji. A haƙori ana amfani da daga 0.5 zuwa wajen 5.25.

19/ Dalilin da ya sa har yau ba a bar shi ba: yana kashe bakteriya, kuma yana narkar da ragowar mataccen nama a lungunan da ƙarfe ba ya kaiwa. Sai dai bai san bambancin matacce da mai rai ba. In aka matsa sirinji da ƙarfi ya zarce ƙarshen saiwa, nan take sai azababben zafi, fuska ta kumbura, fata ta yi tabo kamar an yi duka.

20/ Wannan haɗari sananne ne, ana koyar da mu shi, kuma ba kasafai yake faruwa ba a hannun wanda ya auna tsawon saiwa da hoto, ya bar allurar sakwa-sakwa a ramin, ya tura ruwan a hankali. Don Allah kar wani ya ce ɗalibar likita ta ce a kuskure baki da bilic. Ban ce ba. Zai ƙone maka baki.

21/ Na biyu kalsiyam haidiroksaid, farin ƙullun da Hermann ya shigo da shi aikin haƙori a Jamus a 1920. Shi ne aka sa wa Mama. Kaifinsa irin na kanwa ne mai tsanani, ma'aunin pH ɗinsa kusan 12.5, yawancin bakteriya ba sa jure masa. A cikin magungunan da ake bari a rami, yana daga waɗanda jiki ya fi karɓa.

22/ Duk da haka shi ma ba a wasa da shi. In aka danna shi da yawa ya fita ta ƙarshen saiwar turmin ƙasa ya taɓa babbar jijiyar muƙamuƙi, leɓe na iya mutuwa na tsawon lokaci. Kun ga ko mai sauƙin cikinsu, amincinsa yana ga zamansa inda aka ajiye shi.

23/ Na uku haɗin magungunan kashe bakteriya guda uku, sifurofuloksasin da metronidazol da minosaikilin, wanda Hoshino da abokan aikinsa suka gwada a Japan a 1996. Ana amfani da shi musamman ga haƙorin yaro da saiwarsa ba ta gama girma ba. Minosaikilin ɗin yana iya rina haƙori ya yi duhu.

24/ A 2012 Ruparel da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa in an dama haɗin da kauri yana kashe ƙwayoyin halittar da ke bakin saiwa, waɗanda su ne ake fatan su ƙarasa gina ta, kalsiyam haidiroksaid kuwa bai kashe su ba. Me ya biyo baya? Aka koma ba da shawarar a tsarma shi sosai. Haka gwajin faranti ke gyara aiki, ba tare da an rufe asibiti ba.

25/ Yanzu ga inda nake tare da Kawu ɗari bisa ɗari. Akwai magungunan da a ganina ba su da sauran uzurin zama a teburin kowa. Na gaba-gaba asinik. Tun 1836 aka rubuta amfani da shi wajen kashe jijiya, lokacin da babu allurar kashe zafi. A wancan zamanin rahama ce. Amma tun shekarun 1940 ake da lidokain.

26/ Asinik da faraformaldihaid ba sa tsayawa inda aka sa su. Da ciko ya ɗan tsage sai su bi ta dasashi, su kashe shi, su gangara ƙashi. Har yanzu mujallun likitanci na kawo rahoton irin wannan daga ƙasashe daban-daban. Na ga abin da idona a bakin yayata. Mai amfani da su yau, ko bai iya allura ba ne, ko sauri yake ya karɓi kuɗi.

27/ Sai fomokiresol, haɗin Buckley na 1904, mai ɗauke da fomaldihaid kashi 19 da kiresol kashi 35. An daɗe ana sa shi a haƙoran nono na yara. A 2004 hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa, ta sa fomaldihaid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga mutum.

28/ Don adalci: hukuncin ya ginu ne galibi a kan ma'aikatan da suka shaƙi sinadarin shekara da shekaru, kuma masu kare fomokiresol na cewa abin da ake ɗigawa a haƙori ɗan mitsitsi ne. Na ji hujjarsu. Amma a gwajin ƙwayoyin halitta yana cikin mafiya zafi, kuma in ya ɗiga kan dasashi yana ƙona shi.

29/ Ga shi kuma akwai madadi. MTA, wani siminti da Mahmoud Torabinejad ya samar a jami'ar Loma Linda a shekarun 1990, nama na zama lafiya kusa da shi. Matsalarsa tsada. A nan ne nake ganin ya kamata asibitocin gwamnati da makarantunmu su sa kuɗi, don kar arha ta zama dalilin da za a ci gaba da sa wa yaran talaka maganin 1904.

30/ Wani zai ce to ai ga shi, rut kanal na jawo kansa. A'a. Wannan jita-jita ta samo asali ne daga gwaje-gwajen Weston Price na wajen shekarun 1920, waɗanda binciken baya ya rushe. Zancen sinadari ɗaya da ya tsufa daban, zancen aikin gaba ɗaya daban.

31/ Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin matsalar dasashi ya fi shekara 150 da samuwa. A 1864 Sanford Barnum ya ƙirƙiro shingen roba a New York: wani ɗan fallen roba da ake huda shi, a zura haƙori ɗaya ta ciki, a maƙale. Haƙorin na sama, dasashi da harshe da maƙogwaro na ƙasa a rufe.

32/ Da shi, ruwan wankin ba ya kwarara kan dasashi, yawu mai bakteriya ba ya shiga ramin, siririn ƙarfe ba ya faɗawa maƙogwaro. Sa shi 'yan mintuna ne ga wanda ya saba. Amma sai ka ji ana cewa ɓata lokaci ne, ko majinyata ba sa so. Mu ɗalibai ma in ba a matsa mana ba za mu fita da wannan lalaci. Ni dai na yi wa kaina alkawari.

33/ Kafin mu gama zargin asibiti, mu waiwayi gida. Ƙamshin nan da kuke ji a ɗakin likitan haƙori na yujinol ne, man da ke cikin kanumfari. Yana kwantar da zafi, gaskiya ne. Amma tsantsar man kanumfari a auduga, a danna kan dasashi a kwana da shi, yana ƙona nama. Shi ma a faranti yana kashe faibirobilas.

34/ Haka masu ɗora ƙwayar asfirin a gefen haƙori, gari na wayewa wurin ya yi fari fat ya saluɓe. Balle ruwan batir da fetur, da na ji wasu na ɗigawa in zafi ya kai su bango. Mutum ya ƙi maganin da aka auna aka tsare cikin rami, ya zo ya zuba wanda ba a auna ba kai tsaye kan nama. Haba jama'a.

35/ "A cire a huta" ma ba kyauta ba ne. Haƙoran gefe na karkatowa cikin gurbin, na sama ya zazzago, ƙashin wurin ya lotse, tauna ta koma gefe ɗaya. Dasa na ƙarfe kuwa kuɗinsa ya ninka na aikin jijiya. Akwai haƙorin da ba ya cetuwa, dole a cire. Likita ne zai faɗa bayan ya ga hoto, ba gurup ɗin dangi ba.

36/ Mu dawo kan Mama. Cikon wucin gadi an yi shi ne don 'yan makonni. In ta ƙi komawa zai lalace, ƙarfin maganin ciki ya ƙare, yawu ya shiga, bakteriya su dawo ramin da yanzu ba shi da mai gadi. Ƙarshenta ƙurji, ko haƙorin ya dare. Kumburin turmin ƙasa kuma na iya bazuwa ƙarƙashin haɓa har ya toshe numfashi. Wannan na kisa.

37/ To me za ku tambaya kafin ku buɗe baki? Shin mai aikin likitan haƙori ne mai rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya? Za a ɗauki hoto? Za a sa shingen roba? Wane magani za a bar min a ciki, kuma yaushe zan dawo? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

38/ In kuka ji an ce "zan sa miki maganin da zai kashe jijiyar ki dawo bayan sati" kuma aka ƙi faɗin sunansa, ku tashi daga kujerar. Kunya ba ta kai dasashi daraja ba. Yaya ta ce da ta san wannan jimla ɗaya, da haƙorinta na nan.

39/ Bayan aiki kuma, ku koma asibiti ba jira in kuka ga ɗaya daga cikin waɗannan: dasashi ya yi fari ko toka, cikon ya faɗi ko kuna jin ɗanɗanon magani a baki, leɓe bai farfaɗo ba har washegari, fuska na kumbura, ko zazzaɓi. Ɗan tsami na kwana biyu zuwa uku in an tauna, wannan an saba gani.

40/ Jiya da daddare na kira Kawu na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, takardar da kuka turo gaskiya ce, amma likitoci aka rubuta wa don su kiyaye." Ya ce to ai shi tsoron abin da ya sami Yaya yake. Na ce ni ma shi nake tsoro, shi ya sa nake so Mama ta koma hannun wadda ta san abin da ta zuba.

41/ Mama ta yarda za ta je ranar Litinin, da sharaɗin in raka ta in tambayi likitar sunan maganin a gabanta. Zan fasa lakcar safe ke nan, Allah ya sa kar a ɗauki suna. Likitocin haƙori da ke nan, in na yi kuskure a wani wuri ku gyara min a ƙasa, koyo nake. Sauran kuma ku tura wa kawunnanku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. 🙏🏾